LAKWAL: TILAS KO GANIN DAMA? WAIWAYE A KAN TARIHIN KARATUN BOKO A ƘASAR MAGARYA DA DUNGAS

Gaisuwa mai yawa zuwa ga iyayenmu dattawa da ke gida, da 'yan'uwanmu waɗanda neman abinci ya kai Damagaram, Yamai, Agadas, Kano da Legas, har da waɗanda suka ƙetare hamada. Muna fata wannan takarda ta same ku lafiya. Wanda ya iya karatu ya daure ya karanta wa wanda bai iya ba, domin maganar da ke ciki ta shafi kowane gida.

A taron da muka yi bayan sallar layya, wani ɗan'uwanmu mazaunin Kano ya kawo shawara, ya ce ƙungiya ta sa doka: duk yaron da ya kai shekara 7 a kai shi lakwal, uban da ya ƙi kuwa a ci shi tara. Bai rufe baki ba sai wani dattijo ya ce shi dai an taɓa yi wa gidansu tilas a kan lakwal tun yana yaro, bai manta ba, kuma ba zai yarda 'ya'yan cikinsa su sake kawo masa ita ba. Ya ce ɗa na ubansa ne, wanda ya ga dama ya kai, wanda bai ga dama ba a ƙyale shi. Gardama ta yi tsawo har magariba, aka tashi ba a yanke magana ba. Sai aka ɗora mana mu bincika asalin al'amarin mu rubuto. To, ga abin da muka samo, ga kuma ra'ayinmu a ƙarshe.

1. KAFIN ZUWAN NASARA

Tun kafin a san Bature a ƙasar nan akwai karatu. Kowane gari mai masallaci yana da makarantar allo. Yaro ya tafi da asuba, ya koma da dare da ɗan karansa na hura wuta, ranar Laraba a kai wa malam kuɗin Laraba, Alhamis da Jumma'a a huta. Wanda ya yi nisa sai ya ɗauki allonsa ya yi gabas wajen Barno. Ba dogari, ba tara, ba takardar suna. Amma wane uba ne zai bar ɗansa ya girma bai iya Fatiha ba? Maƙwabta za su yi masa magana, liman zai yi masa magana, ranar neman aure kuma abin zai fito. Watau karatun allo tilas ne a wurin kakanninmu, sai dai gari ne da kansa ya ɗora wa kansa wannan tilas ɗin, shi ya sa ba wanda ya ji nauyinta.

Kada kuma mu yi wa jiya ado fiye da kima. Yara da yawa ba su wuce 'yan surori na salla ba, 'yan mata kuwa da wuri ake cire su. Wannan ne abin da Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya zargi malaman zamaninsa da shi, cewa suna karantar da almajirai a waje suna barin matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilci. 'Yarsa Nana Asma'u ta kafa 'yan taru domin karatu ya kai ga matan ƙauye. Ke nan maganar karatun 'ya mace ta riga Nasara zuwa.

2. LAKWAL TA SHIGO TA ƘOFAR LANHO

A watan Yuli na 1899 sojan Faransa suka ci yaƙin Tirmini suka shiga Damagaram, bayan 'yan makonni aka kashe Sarki Amadu Kuran Daga. Tsakanin 1906 da 1908 Faransawa da Ingilishi suka kafa alamun iyaka, suka raba mu da danginmu na Daura, Zango, Ɓaure da Ɓaɓura. Daga 1911 zuwa 1926 Damagaram ce babban birnin ƙasa, kafin a mai da shi Yamai.

A 1903 gwamnan Faransa da ke mulkin Afirka ta Yamma ya fitar da tsarin makarantu na ƙasashen da ke hannunsa. Abin da suke bukata a lokacin shi ne tafinta, da mai rubutu a biro, da mai buga waya, da mai taimakon likita, da mushen da zai koyar da na baya. Mutane kaɗan sun ishe su. A can ƙasarsu, tun 1882 doka ta wajabta ilimi a kan kowane yaro, mace da namiji, daga shekara 6 zuwa 13. Wannan doka ba su kawo mana ita ba. Abin da suka kawo mana shi ne kamu.

Dattawa sun san yadda kamu yake. Kumandan ya faɗa wa sarki yawan yaran da yake so bana. Sarki ya raba wa masu gari. Mai gari ya duba gidajen da za a shiga. Haka ake karɓar lanho, haka ake ɗibar mutane aikin tilas na hanya da ɗaukar kaya, haka ake ɗibar soja. Hanya ɗaya ce, dogari ɗaya ne, dokin da ya zo jiya neman lanho shi ne ya komo yau neman yaro. Ina laifin uwar da ta ga ƙurar doki ta jefa ɗanta cikin rumbu ta rufe?

Dabarun da iyaye suka yi suna da yawa, kuma har yanzu ana ba da labarinsu a bakin wuta. Wani ya tura yaro ƙetaren iyaka wurin malam da dare, tunda daga nan zuwa ƙasar Ingilishi tafiyar ƙafa ce. Wani ya kai akuya ko damin hatsi don a tsallake gidansa. Wani ya ce yaron kurma ne, wani ya ce ya mutu. In yarinya ce sai a gaggauta ɗaura mata aure. Masu sarauta da yawa, da aka ce su kawo 'ya'yansu, sai suka ba da ɗan bawa, ko ɗan bara, ko maraya wanda ba shi da mai tsaya masa. Saboda haka tilas ɗin ba ta faɗa a kan kowa daidai ba, a kan marar gata ta faɗa.

Tsoron iyaye kuma yana da dalili. Yaro ya shiga aji ba a yi masa magana sai da Faransanci. In ya kuskure ya yi Hausa a rataya masa alama a wuya, wanda ta kwana a wurinsa ya sha bulala. Ba a koya masa salla a can. In ya ci gaba sai a kai shi nesa, ya yi shekaru ba a gan shi ba, ya komo da gajeren wando yana jin kunyar tuwon gidansu. Uba ya duba ya ga ya yi asarar hannu ɗaya a gona, yana kuma tsoron ya yi asarar ɗa a lahira.

A 1946 aka soke aikin tilas, aka kuma soke dokar da ta ba kumandan ikon ɗaure talaka ba tare da shari'a ba. Amma ran 3 ga Agusta 1960, da Nijar ta sami mulkin kai, cikin yara 100 da suka isa shiga lakwal waɗanda ke ciki ba su kai 5 ba. Shekara 60 na kamu, abin da ya haifar ke nan.

Sai dai ga inda al'amarin ya juya. Su wa suka karɓi ƙasa daga hannun Nasara? 'Yan lakwal. Diori Hamani, Djibo Bakari da Bubu Hama duk mushe ne da farko, duk sun fito daga makarantar William Ponty ta ƙasar Senegal. Bubu Hama daga ƙauyen Foneko na ƙasar Tera aka ɗauke shi yana yaro, a 1929 ya zama ɗan Nijar na farko da ya sami takardar koyarwa, daga baya ya shugabanci majalisar dokoki har 1974. A ƙananan wurare ma haka abin ya kasance. Ɗan baran da aka bayar fansa ya komo shi ne mai rubuta lanho. Wanda aka ɓoye a rumbu ya wayi gari yana dangwala yatsa a ƙasan takardar da wanda aka kama ya rubuta.

3. BAYAN MULKIN KAI

A 1961 ƙasashen Afirka suka taru a Adis Ababa suka yi niyyar kafin 1980 kowane yaro ya sami karatun firamare. A ƙauyukanmu kuwa kamu bai tsaya ba, sai dai mai yin sa yanzu ɗan ƙasa ne. Har cikin shekarun mulkin soja, da yawa daga cikinmu masu wannan rubutu da kuka aka kai mu aji, iyayenmu mata na biye suna kuka.

Lokacin nan ne gyaɗa ke tashe, Magarya kuwa tana cikin manyan kasuwanninta. A 1962 gwamnati ta kafa kamfanin SONARA na sayen gyaɗa. Manomi ya yi damina yana wahala, ya kai buhunsa bakin sikeli, wani ya duba ya rubuta, shi kuwa ba ya iya karanta abin da allura ta nuna ko abin da aka sa a takarda. A bakin sikeli ne wasu dattawa suka fara cewa da ma akwai ɗan lakwal ɗaya a gidan.

An yi ƙoƙarin kusanto da lakwal wurin mutane. Tun 1957 aka buɗe madarasa a garin Say inda ake haɗa Larabci da Faransanci. A 1973 aka buɗe makarantar gwaji a nan Damagaram inda yaro ke fara karatu da Hausa kafin ya shiga Faransanci. Bayan Seyni Kunce ya karɓi mulki a watan Afrilu 1974, kuɗin yuraniyom ya shigo, aka gina azuzuwa, Samariya ma ta yi gayya ta gina wasu. A ƙetaren iyaka, cikin Satumba 1976, gwamnatin Obasanjo ta buɗe shirin firamare kyauta ga kowa, danginmu na ƙasar Daura suka ga azuzuwa sun tsiro a ƙauyukansu. Wani Ba'amurke mai suna William Miles, wanda ya koyar a Magarya a ƙarshen shekarun 1970, har littafi ya fitar a 1994 yana kwatanta zaman Yekuwa ta wajenmu da Yardaji ta wajen Daura, garuruwa biyu maƙwabta, harshe ɗaya, addini ɗaya, gwamnati biyu.

Daga nan sai abubuwa suka lalace. Farashin yuraniyom ya faɗi a farkon shekarun 1980. A 1984 fari ya zo, iyakar Nijeriya kuma tana rufe. Gwamnati ta rage ɗaukar ma'aikata, alhali da can duk wanda ya gama karatu aiki na jiransa. Ran 9 ga Fabrairu 1990 aka harbi 'yan makaranta a gadar Kennedy ta Yamai. Shekarun da suka biyo yajin aiki ya yi yawa, albashi ya yi ta makara, har aka yi shekarun da aka soke karatunsu ɗungum. A Janairu 1994 aka karya darajar sefa, littafi da alƙalami suka yi tsada.

A nan ne ciwo na biyu ya samu, kuma a ganinmu ya fi na farko zafi a zukatan iyayen yau. Uba ya ba da ɗa shekara 6, yaro ya faɗi jarrabawa aka koro shi, ya komo bai iya rubuta wasiƙa ba, bai saba da hauya ba, bai sauke Alƙur'ani ba. Ba ga gona ba, ba ga biro ba, ba ga allo ba. Uban da ya ga haka a kan ɗan fari, da wane baki za a ce masa ya kawo na biyu?

4. DOKOKIN ZAMANIN NAN

Ran 1 ga Yuni 1998 aka sa hannu a kan babbar dokar ilimi ta ƙasa, wadda ta ce ilimi haƙƙin kowane ɗan Nijar ne, kuma gwamnati ta ɗauki nauyin samar da shi ga yara daga shekara 4 zuwa 18. Daga 2003 aka shiga shirin shekara 10 na yawaita makarantu. Lakwal ta kai ƙauyukan da ba su taɓa ganinta ba, amma yawancin masu koyarwa 'yan kwantaragi ne masu ƙaramin albashi, azuzuwa da yawa kuma na zana ne, waɗanda sai an gama girbi an sami kara ake kafa su, ruwan farko kuma ya tashe su. A 2011, shekarar da aka cire Dungas daga Magarya ta zama gunduma mai zaman kanta, shugaba Mahamadu Isufu ya yi alkawarin karatu kyauta kuma tilas har shekara 16. A Disamba 2017 aka fitar da dokar kare yarinyar da ke cikin karatu. A Nijeriya ma tun 2004 akwai dokar da ta tanadi gargaɗi, da tara, har da ɗauri ga uban da ya ƙi kai ɗansa. 'Yan'uwanmu mazauna Kano su ne shaida ko wannan doka ta kwashe yara daga bakin titi.

Akwai abubuwa guda biyu da ba za mu tsallake ba, ko da yake suna da ɗaci. Na farko laifin hukuma ne. A watan Afrilu 2021 gobara ta tashi a azuzuwan zana a Yamai, yara wajen 20 suka rasu. A Nuwamba na shekarar nan haka ta sake faruwa a Maraɗi, yara fiye da 20 suka rasu. Iyayen waɗannan yara sun bi doka, sun kai 'ya'yansu. Na biyu namu ne. A Oktoba 2013 aka tsinci gawar mutum 92 a hamada kusa da iyakar Aljeriya, 52 daga cikinsu yara ne, yawancinsu mutanen ƙasar Kance maƙwabtanmu. A Maris 2022 gwamnati ta kwaso fiye da mutum 1,000 daga titunan Dakar inda suke bara, yawancinsu mata da yara, aka kuma ambaci sunan Kance da Magarya a gidajen rediyon duniya. Oktoba da Maris duka watannin karatu ne. Waɗannan yara ba su lakwal, ba su kuma gaban malam.

5. ABIN DA TARIHI YA NUNA MANA

Mu duba yadda Faransawa suka yi a gidansu. A 1833 suka fara ɗora wa garuruwa nauyin buɗe makaranta da riƙe mai koyarwa. A 1881 suka soke biyan kuɗi. Sai a 1882 suka ce tilas. Watau shekara kusan 50 suna gina wurin da za a zauna kafin su kira mutane su zauna. Dokar ta 1882 kuma ta bar rana ɗaya a mako, ban da Lahadi, domin iyaye su koya wa 'ya'yansu addini, ta kuma yarda uba ya koyar da ɗansa a gida in zai iya. Ilimin ne suka wajabta. A wurinmu kuwa an fara da bulala kafin a gina aji, aka kuma bar yaro ya zaɓa tsakanin harshen uwarsa da karatu. Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu.

Wani abin lura shi ne lokaci. Hutun lakwal yana faɗawa a damina, saboda haka noma bai cika karo da ita ba sai a girbi. Inda ake karo shi ne rani: watannin da mushe ke jiran yaro su ne watannin da malam ke tafiya da almajirai, su ne kuma watannin ci-rani. Makarantu biyu na jan yaro ɗaya a lokaci ɗaya, ba kuwa wanda ya taɓa zaunar da malam da mushe a tabarma ɗaya a garinmu.

Maganar harshe ma ta fara sauyawa. Kundin da hukumomin ƙasa suka fitar a watan Maris 2025 ya ce Hausa ce harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi kuwa harsunan aiki. Takarda ba ta koyar da yaro, amma ta ba mu bakin da za mu nemi a fara wa 'ya'yanmu karatu da harshen da suke ji.

6. RA'AYINMU

Ga dattijonmu muna cewa: Baba, gaskiyarka, abin da aka yi muku zalunci ne, kuma ba mu kawo shawarar a komo da dogari ƙofar gidan kowa ba. Amma muna roƙo a duba wannan kalma ta ganin dama. Damar wa? Yaro ɗan shekara 7 ba shi ke zaɓa ba. In aka bar abin ga ganin dama, mun san waɗanda za su zauna a gida: 'ya mace, da maraya, da ɗan talaka. A zamanin Nasara su aka tura saboda ba su da gata, yau kuma su za a bari saboda ba su da gata. Masu hali, har da waɗanda ke zagin lakwal a dandali, 'ya'yansu na makarantun kuɗi a birni.

Ku kuma 'yan ci-rani kun fi kowa sanin kuɗin jahilci. Kun san yadda mutum ke miƙa wa baƙo wayarsa ya karanta masa saƙon matarsa, ko lambar kuɗin da ya aiko gida. Kun san tsayuwa a gaban ma'aikacin iyaka da takardar da ba ka san abin da ta ce ba, da riƙe maganin yaro ba ka san ko sau nawa za a ba shi ba.

Saboda haka mu muna bayan tilas, amma irin ta makarantar allo, wadda gari ke ɗora wa kansa, kuma mai baki biyu: ɗaya a kan iyaye, ɗaya a kan hukuma. Ga shawarwarin da za mu kawo a taro mai zuwa:

Na ɗaya, kafin watan Oktoba a bi gida gida, da izinin mai gari, a rubuta duk yaron da ya isa karatu, mace da namiji.

Na biyu, kada a ci kowa tara. Wanda ya ƙi, mai gari da liman da dattawa biyu su same shi a zaurensa su ji dalilinsa. In rashi ne, asusun ƙungiya ya saya wa yaron littafi da alƙalami.

Na uku, a zaunar da malaman allo da daraktan lakwal a raba lokaci: asuba da dare na allo, hantsi da la'asar na aji, domin kada a sake sa uba ya zaɓa tsakanin biyun.

Na huɗu, 'yan ci-rani su yi karo-karo kowace shekara a mai da ajin zana ɗaya na ƙasa da rufin kwano, har su ƙare.

Na biyar, a naɗa mutum uku masu lura da zuwan mushe. In aji ya yi mako ba mai koyarwa, a rubuta wa hukumar makarantu da sunan gari gaba ɗaya, a kuma kula da masaukin mushe da ruwan shansa yadda ake yi wa baƙon kirki.

Na shida, kada a cire yarinya daga aji don aure ko talla kafin ta gama, kuma duk mai niyyar tafiya bara da yaro, nasa ko na aro, a kai maganarsa gaban mai gari tun bai tashi ba.

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Wanda ke da gyara ko ƙari, ko dattijon da ya tuna wani abu na zamanin kamu wanda ba mu ambata ba, ya aiko wa magatakardan ƙungiya kafin taro, za mu buga shi a fitowa ta gaba ko da ya saɓa wa namu. Inda muka yi kuskure a yafe mana. Allah ya jiƙan magabatanmu, ya shirya mana zuriya, ya ba mu damina mai albarka, amin.

Wassalam.